Tsunami: Ranar da Teku Ke Tashi Tun Daga Gindinsa

A daren 15 ga Yuni, 1896, masuntan gaɓar Sanriku da ke arewa maso gabashin Japan suna can cikin teku suna neman abinsu. Ba su ji komai ba, ba su ga komai ba. Da gari ya waye suka juyo gida, tun kafin su hango tudu suka fara cin karo da katakan gidaje da gawarwaki suna yawo a kan ruwa. Ƙauyukan da suka bari da yamma babu su. Kimanin mutum 22,000 ne suka rasu a wannan dare, kuma ruwan da ya cinye su ta ƙarƙashin kwale-kwalen masuntan nan ya bi ya wuce, ba tare da ya ko girgiza su ba.

Sunan da Japanawa suka raɗa wa wannan bala'i ya dace da abin da masuntan suka gani. A harshensu "tsu" na nufin tashar jiragen ruwa, "nami" kuma igiya. Igiya ce da ba ta bayyana kanta sai ta iso gaɓa. Yau duniya duka da wannan suna take kiranta, amma har yanzu da yawa daga cikinmu muna ɗaukarta a matsayin igiyar ruwa irin wadda aka saba gani, sai dai ta fi girma. Wannan kuskuren fahimta shi kansa ya kashe mutane masu yawa, don haka daga nan ya kamata a fara.

Igiyar da muke gani kullum a bakin teku iska ce ke kaɗa ta. Saman ruwa kawai take motsawa, in ka nutsa ƙasa kaɗan sai ka tarar ruwan kwance yake lafiya lau. Ɗauki baho cike da ruwa ka hura masa iska, za ka ga fuskarsa ta yi 'yan ƙananan tuddai. To yanzu sa hannu ta ƙarƙashin bahon ka ɗaga gindinsa da ƙarfi lokaci guda. Ruwan gaba ɗaya, daga ƙasa har sama, shi zai tashi ya nufi gefe. Na biyun nan shi ne tsunami.

To me ke ɗaga gindin teku? Ƙasar da muke takawa ba dunƙule guda ba ce. Ɓawonta a tsattsage yake kamar bayan kunkuru, manya-manyan faya-fayai ne na dutse da ke ɗauke da nahiyoyi da tekuna, kuma tafiya suke yi a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara, kwatankwacin yadda farce ke tsiro. A wasu wurare faifai ɗaya yana kutsawa ne ƙarƙashin ɗan'uwansa. Ba ya shiga sumul. Bakin biyun na sarƙewa, na ƙasa yana ci gaba da turawa, na sama yana lanƙwasa, shekara ɗari, ɗari biyu, wani lokaci har dubu. Ranar da sarƙewar ta saki, faifan sama sai ya zabura ya miƙe kamar reshen da aka tanƙwara aka sake. Ƙasan teku mai faɗin ɗaruruwan kilomita ya ɗaga da mita da dama cikin 'yan mintoci, ruwan da ke bisansa ma ya ɗaga tare da shi. Ruwa kuwa ba ya zama a tudu, dole ya bazu ya nemi daidaito. Wannan bazuwar ce ke ratsa teku. Kusan kashi 80 cikin 100 na tsunamin da aka rubuta a tarihi ta wannan hanya suka samo asali, shi ya sa gaɓar tekun Fasifik, wadda irin waɗannan mahaɗai suka kewaye, ta fi ko'ina shan wahalarta.

Saurinta ya danganta ne da zurfin ruwa. A inda zurfin ya kai mita 4,000, tana gudun kusan kilomita 700 a sa'a, gudun jirgin sama ke nan. Amma tsayinta a can sau da yawa bai kai mita ɗaya ba, kuma tsakanin tudun igiya ɗaya da na bayanta akwai tazarar kilomita 100 ko 200, ko fiye. Jirgin ruwa zai ɗan ɗaga a hankali ya sauka a hankali cikin mintoci masu yawa, wa zai lura? Abin da ya sami masuntan Sanriku ke nan. Sai ta doshi gaɓa, ruwa ya fara rage zurfi, gabanta ya rage gudu zuwa kamar kilomita 30 ko 40 a sa'a, bayanta kuwa yana nan tafe da saurinsa. Na baya ya hau kan na gaba, ruwan ya tattaru ya miƙe tsaye.

Waɗanda suka gan ta suka tsira ba kasafai suke ba da labarin wata kyakkyawar igiya mai lanƙwasa ba. Abin da suke faɗa shi ne teku ne ya cika ya taso, baƙi ƙirin da laka, ya shigo gari yana ta shigowa minti biyar, minti goma, ba ya tsayawa. Ruwan da ya cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska nauyinsa tan guda ne. Idan yana gudu, wanda bai kai gwiwa ba ma ya isa ya kayar da ƙato. Kafin ya yi nisa ya kwashi motoci da katako da kwanon rufi da turakun lantarki, su ne ke dukan mutum kafin ya nutse, shi ya sa iya iyo ba ya yin wani amfani. Idan ya gama shigowa kuma sai ya koma da ƙarfin da ya zo, ya tafi da abin da ya tumɓuke. Sannan ba sau ɗaya yake zuwa ba. Jerin igiyoyi ne, tsakaninsu minti goma zuwa sa'a guda, kuma ta farko ba lallai ta zama babbar ba.

Mafi muni a duk tarihin da aka rubuta ita ce ta ranar Lahadi, 26 ga Disamba, 2004. Da misalin ƙarfe takwas na safe agogon Indonesiya, ƙasan teku ya tsage a yamma da arewacin tsibirin Sumatra. Ƙarfin girgizar ya kai maki 9.1 a ma'aunin girgizar ƙasa ko ɗan sama da haka, tsagewar ta yi ta tafiya arewa har tsawon kusan kilomita 1,300, ƙasa tana rawa kusan minti goma. Mutanen birnin Banda Aceh suka fito waje suna duba gine-ginen da suka rushe, suna neman 'yan'uwa. Akasarinsu ba su san girgizar share fage ce ba. Bayan kamar minti 20 ruwa ya iso. A gaɓar yammacin lardin Aceh tsayinsa ya haura mita 30. A ƙauyen Lampuuk hotunan da aka ɗauka daga sama sun nuna fili fetal, babu gida babu bishiya sai Masallacin Rahmatullah shi kaɗai a tsaye. Wani jirgin ruwa mai ɗauke da injin samar da lantarki, nauyinsa tan 2,600, ruwan ya ɗauke shi ya dire a tsakiyar unguwa, fiye da kilomita biyu daga teku. Yana nan har yau, an mayar da shi wurin tunawa. Indonesiya kaɗai ta rasa kimanin mutum 167,000.

Na Aceh ana iya cewa lokaci ne ya yi musu kaɗan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na sauran ƙasashen. Igiyar ta ɗauki kusan sa'a biyu kafin ta kai Sri Lanka da gaɓar Indiya da ta Tailan. Sa'a biyu ta ishi tsohuwa mai dogara sanda ta yi nisa da teku. Cibiyar gargaɗin tsunami da ke tsibiran Hawai na Amurka ta ga girgizar a na'urorinta cikin kamar minti 15, ko da yake da farko ta ƙiyasta ƙarfinta a maki 8.0. Sai dai an kafa ta ne domin tekun Fasifik. A tekun Indiya babu na'urar auna igiya a cikin zurfi, babu jiniya a gaɓa, babu wani tsari na wanda za a kira da wanda zai sanar da jama'a. Haka Sri Lanka ta rasa kusan mutum 35,000, Indiya kusan 16,000, Tailan kusan 8,000, cikinsu da baƙi 'yan yawon buɗe ido masu yawa. A Peraliya ta Sri Lanka igiyar farko ta tsayar da wani jirgin ƙasa da ya taso daga Kolombo maƙare da fasinjoji. Mutanen ƙauye suka ga taragu ƙarfe ne mai nauyi, suka ruga suka hau, wasu suka fake a bayansu. Igiya ta biyu, wadda ta fi girma, ta zo ta mirgina jirgin. Fiye da mutum 1,000 suka mutu a wurin, wasu ƙididdigar ma sun kai 1,700. Bayan kusan sa'a bakwai ruwan ya iso Somaliya, ya afka wa garin Hafun da maƙwabtansa, ya kashe kusan mutum 300. Sa'a bakwai, alhali labarin ya riga ya cika gidajen rediyo da talabijin na duniya. Jimillar waɗanda suka rasu ta kai wajen 230,000 a ƙasashe 14.

A cikin wannan duhu akwai labarin tsibirin Simeulue, wanda yake dab da inda ƙasa ta tsage. Mazaunansa kusan 78,000 ne, gidajensu na gaɓa sun rushe, amma mutum bakwai kawai suka mutu. Ba su da jiniya, ba su da na'ura. Abin da suke da shi kalma ɗaya ce, "smong". A 1907 tsunami ta yi wa tsibirin mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka sa abin cikin labaran da ake ba yara da waƙoƙin reno: in ƙasa ta yi girgiza mai ƙarfi, in teku ya janye, kada ka tsaya ɗaukar komai, gudu tudu. Shekara 97 kakanni suna faɗa wa jikoki. Da ranar ta zo, mutane suka riƙa ihun "smong, smong", gari ya watse zuwa kan tuddai.

Janyewar tekun nan tana buƙatar bayani, domin ita ce tarkon da ya fi kama mutane. Lokacin da wani sashe na ƙasan teku ya ɗaga, sashen da ke kusa da shi yakan lotsa. Gaɓar da ke fuskantar ɓangaren da ya lotsa, kwarin igiyar ne ke fara isa gare ta kafin tudunta. Sai ka ga ruwa ya ja baya ɗaruruwan mita, ya bar kifaye suna tsalle a kan yashi, duwatsun da ba a taɓa gani ba sun fito fili. A Tailan mutane sun bi ruwan suna kallo, suna ɗaukar hoto, yara suna tsintar kifi. A wani bakin teku na Phuket wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 10, da aka koya musu darasin tsunami a makaranta makonni biyu kafin nan, ta gane abin da take gani ta matsa wa iyayenta, aka kwashe mutanen wurin, ba wanda ya mutu a can. Amma a kula, ba kullum teku ke janyewa ba. Sri Lanka tana ɗaya ɓangaren, tudun ruwan ne ya fara isa gare ta. Wanda ya ce sai ya ga teku ya janye zai gudu, yana iya jira har abin ya same shi.

Tsoffin littattafai cike suke da wannan hoto. A 21 ga Yuli na shekarar 365 miladiyya wata girgiza kusa da tsibirin Kirit ta aika da ruwa har Iskandariya ta Masar, kuma marubucin tarihin Rum Ammianus Marcellinus ya siffanta yadda teku ya janye, mutane suka shiga suna kama kifi da hannu, sannan ya dawo ya ɗora jirage a kan rufin gidaje. Haka a Lisbon, babban birnin Fotugal, ranar 1 ga Nuwamba, 1755. Ranar ibada ce, majami'u cike, girgiza ta rushe su a kan jama'a. Waɗanda suka fita da rai suka nufi fili mafi kusa da babu ginin da zai faɗo musu, wato bakin tashar jiragen ruwa. Suna tsaye suna kallon ruwa ya janye har tarkacen tsoffin jirage ya bayyana. Bayan kamar minti 40 da girgizar teku ya dawo. Abin da ruwa ya bari gobara ta ƙarasa cikin kwanaki. Dubun-dubatar mutane suka mutu, igiyar ta daki gaɓar Sifen da Maroko, ta ƙetare Atlantika har tsibiran Karebiyan. Bayan haka firayim ministan ƙasar, wanda aka fi sani da Pombal, ya aika wa kowace gunduma takardar tambayoyi: tsawon wane lokaci ƙasa ta yi rawa, teku ya fara tashi ne ko ya fara janyewa, har ina ya hau? Ana lissafa wannan cikin matakan farko na nazarin girgizar ƙasa a kimiyyance.

Tsarin gargaɗi na zamani shi ma daga makoki ya fito. A 1 ga Afrilu, 1946, girgiza a tsibiran Aleut na Alaska ta tura igiya zuwa Hawai, ta kashe mutum 159, mafi yawa a garin Hilo. Bayan shekara uku Amurka ta kafa cibiyar gargaɗi. Sai ga 22 ga Mayu, 1960, ƙasar Chile ta ga girgiza mafi ƙarfi da na'ura ta taɓa aunawa, maki 9.5. Igiyar ta share gaɓar kudancin Chile, ta kama hanyar Fasifik. Wannan karon an yi gargaɗi a Hilo, jiniya ta yi kuka sa'o'i kafin isowarta. Amma mutane sun sha jin jiniya a baya ba tare da wani abin kirki ya faru ba, wasu suka ƙi tashi, wasu suka ga igiyoyin farko ƙanana suka koma gida. Ta uku ce ta zo da tsakar dare ta kashe mutum 61. Bayan kusan sa'a 22 da girgizar, igiyar ta isa Japan, mai nisan kilomita 17,000, ta kashe wajen mutum 140. Yau akwai na'urori da ake dasawa a ƙasan teku, suna jin canjin nauyin ruwan da ke kansu ko da na 'yan santimita ne, su aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Tekun Indiya ma ya samu nasa tsarin a 2006.

Sai dai duk wannan tsari a kan girgizar ƙasa aka gina shi, kuma ba ita kaɗai ke motsa teku ba. A 27 ga Agusta, 1883, dutsen Krakatau mai aman wuta, da ke mashigin ruwa tsakanin Java da Sumatra, ya fashe da ƙarar da aka ji har tsibirin Rodrigues, nisan kusan kilomita 4,800. Kusan kashi biyu cikin uku na tsibirin Krakatau ya ɓace. Ƙididdigar hukuma ta ce mutum 36,417 suka mutu, kuma mafi yawansu ba wuta ko toka ce ta kashe su ba, igiyoyi ne masu tsayin sama da mita 30 da suka share garuruwa irin su Anyer da Merak. Wani jirgin yaƙi mai suna Berouw a cikin daji aka tsince shi, kusan kilomita uku daga teku. A 1927 sabon dutse ya ɓullo daga ramin da tsohon ya bari, aka sa masa suna Anak Krakatau, wato ɗan Krakatau. A daren 22 ga Disamba, 2018, gefensa ya zaftare cikin teku. Babu wata babbar girgiza, don haka babu jiniyar da ta yi kuka. Mutane suna shaƙatawa a bakin ruwa igiyar ta same su, sama da 400 suka mutu. Irin wannan zaftarewa ta gefen dutse ce ta kashe kusan mutum 15,000 a Shimabara ta Japan a 1792.

Igiya mafi tsayi da aka taɓa aunawa ma zaftarewa ce ta haife ta. A 9 ga Yuli, 1958, girgiza ta ɓamɓaro tarin dutse daga gefen tsauni ya afka cikin wani siririn lungun teku mai suna Lituya a Alaska. Ruwan ya hau tsaunin da ke fuskantarsa ya aske bishiyoyi har tsayin mita 524. Mutum biyu kawai suka mutu a lungun, domin jiragen kamun kifi uku ne kaɗai a ciki, wani masunci da ɗansa ma igiyar ta ɗaga jirginsu ta sauke su da rai. Kwatanta wannan da Papua New Guinea a 17 ga Yuli, 1998. Girgizar maki 7.0 ce, wadda a al'ada ba a sa ran ta tayar da wata babbar igiya. Amma ta kwance tarin laka a gangaren ƙarƙashin teku, lakar ta zame, ruwa mai tsayin mita 10 zuwa 15 ya haye wani siririn tudun yashi da ƙauyuka ke kai kusa da Aitape. Gabansu teku, bayansu tafki, babu inda za a gudu. Fiye da mutum 2,000 suka mutu. Mita 524 ta ci mutum biyu, mita 15 ta ci dubu biyu. Tsayin ruwa ba shi ke ƙayyade yawan gawa ba. Abin dubawa shi ne su wa ke gaɓar, minti nawa gare su, akwai tudu kusa, kuma sun san abin da alamar ke nufi?

Babu ƙasar da ta shirya wa tsunami kamar Japan, shi ya sa abin da ya same ta ranar 11 ga Maris, 2011 ya cancanci a tsaya a kansa. Da ƙarfe 2:46 na rana ƙasan teku a gabas da yankin Tohoku ya zame, a wasu wurare har kusan mita 50. Ƙarfin girgizar maki 9.0 ne ko 9.1, babban tsibirin Honshu kansa ya matsa gabas da fiye da mita biyu. Gine-gine sun jure ƙwarai. Cikin minti uku aka fitar da gargaɗi. Amma ƙiyasin farko ya ce girgizar maki 7.9 ce, kuma igiyar za ta kai mita shida a lardin Miyagi, mita uku a Iwate da Fukushima. A garin da ke da katangar teku mai tsayin mita 10, kamar Taro, mutum ya ji an ce mita uku, me zai sa ya gaggauta? Kafin a gyara ƙiyasin lantarki ya ɗauke a wurare da yawa. Ruwan ya haye katangu, a yankin Miyako ya hau tudu har kusan mita 40, a filin Sendai ya shiga ƙasa kilomita da dama. Kusan mutum 18,500 suka mutu ko suka ɓace, fiye da kashi 90 cikin 100 na gawarwakin da aka samu nutsewa suka yi, kuma akasarinsu tsofaffi ne. A tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi ruwa ya haye kariya ya cika ɗakunan injinan ko-ta-kwana, sanyaya tukwanen nukiliya ya tsaya, uku suka narke, aka kwashe mutane fiye da 100,000 daga gidajensu.

Ba a rasa masu gargaɗi ba tun kafin nan. Masana sun haƙa gonakin Sendai sun tarar da shimfiɗar yashin teku can nesa da gaɓa, shaidar wata babbar tsunami ta shekarar 869. Sun faɗa, amma shirye-shiryen hukuma sun dogara ne kan girgizar 'yan ƙarnonin baya-bayan nan. A ganina wannan shi ne babban rauni a duk sha'anin: faifan ƙasa yana lissafi da shekara dubu, mutum kuwa tunawarsa da ƙyar take wuce kakansa. Katanga ma ba laifi ba ce. A ƙauyen Fudai wani shugaba mai suna Kotoku Wamura, wanda ya ga ɓarnar tsunamin 1933 da idonsa, ya dage sai an gina ƙofar ruwa mai tsayin mita 15.5, mutane suna ganin ɓarnar kuɗi ce. Ya rasu kafin 2011, amma ƙofarsa ta tsare gidajen ƙauyen. Haɗarin katanga yana zuwa ne idan ta sa mutane suka daina gudu.

Makarantu biyu sun nuna bambancin a fili. A Kamaishi an shafe shekaru ana koya wa yara cewa kada su amince da taswirar da ta ce wuri kaza ruwa ba ya kaiwa, kuma kada su jira kowa. Suna da tsohuwar kalma a yankin, "tendenko", ma'ana kowa ya ceci kansa, kada ka koma neman wani. Da jin ta sai ka ce rashin imani ne, amma ma'anarta ita ce uwa ta tabbata ɗanta ya riga ya gudu, don haka ba za ta koma gaɓa nemansa ta mutu ba. Ranar da abin ya faru ɗaliban sakandare suka fita da gudu, 'yan firamare suka bi su, manya suna riƙe da hannun ƙanana. Suka isa wurin fakewar da aka tanada, suka ga bai yi musu ba, suka ƙara gaba zuwa sama. Ruwa ya cinye wurin farkon. Kusan dukkan ɗaliban garin, wajen 3,000, sun tsira. A firamaren Okawa kuwa, wadda take kusan kilomita huɗu daga teku a gefen kogi, an tara yara a filin makaranta kusan minti 50 ana shawarar inda za a nufa, ga tudu nan a bayan makarantar. Da aka tashi tafiya sai aka nufi wajen gada, ruwan kuwa ta kogin ya biyo. Yara 74 cikin 108 suka rasu, tare da malamai 10.

A gaɓar Sanriku akwai ɗaruruwan duwatsu da magabata suka kafa bayan tsunamin 1896 da ta 1933, an sassaƙa gargaɗi a jikinsu. Da yawa ciyawa ta rufe su, garuruwa suka faɗaɗa suka gangara ƙasa da su, domin kusa da ruwa nan ne sana'a take. A ƙaramin ƙauyen Aneyoshi, wanda sau biyu teku yana share shi har ya rage mutane ƙalilan, dutsen ya ce kada a gina gida ƙasa da wannan wuri. A lokacin tsunamin 2011 gidaje 11 ne a ƙauyen, kuma dukkansu sama da dutsen suke, masunta suna sauka tashar jirage da safe su hauro da yamma. A 2011 ruwan ya hau kwarin da ƙarfin da ba a taɓa gani ba, ya tsaya kusan mita 100 kafin dutsen. Ko gida ɗaya bai taɓa ba. Mutum huɗu ƙauyen ya rasa, wata uwa da 'ya'yanta uku, waɗanda ruwan ya riska cikin mota a wani gari na maƙwabta.